Manyan Tayoyin Bubayero da Shanun Inna Iyatu

Assalamu alaikum, ya ku masu bibiyar wannan shafi. Kafin in fara, bari in faɗa muku gaskiya: wani ɓangare na labarin nan ya kuɓuce mini. Na manta shekarar, ko da yake ba ta yi nisa ba. Na manta launin motar. Wani lokaci ina ganinta fara, wani lokaci ruwan ƙasa, wataƙila dai fara ce laka ta rine ta. Akwai kuma wata saniya a cikin labarin da nake ta laluben sunanta tun safe ban samu ba. Tsufa ke nan. Abin da ya rage a kaina shi zan ba ku, inda na manta kuma zan ce na manta.

Akwai wani magidanci mai suna Bubayero, ɗan wata ruga da ke can bayan Aujara. Shi ne ɗan fari a wurin mahaifiyarsa, Inna Iyatu. Kun san al'adar mutanen ruga: uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yabonsa, ko faɗa ma ba ta cika yi masa kai tsaye ba. In za ta yi masa magana sai ta kalli gefe, kamar da ƙwarya take yi.

Bayan rasuwar mahaifinsa, shanu tara suka rage a gidan. Ɗaya ta Inna Iyatu ce ta kanta, jikar saniyar da ubanta ya ba ta lokacin da aka kawo ta ɗakinta. Ɗaya rabon gadon ƙanwarsa ce. Sauran bakwai su ne abin da gidan ya dogara da shi. To amma kiwo ya yi wuya. Gonaki sun cinye makiyaya, burtali ya tsuke, kowane rani shanun sai sun rame har a ƙirga haƙarƙarinsu.

Sai Bubayero ya kawo shawara. A sayar da bakwai ɗin, a sayi tsohuwar a-kori-kura irin wadda tayoyinta huɗu duka ke iya ja. Ya riƙa kwasar madarar matan rugage kowace safiya yana kaiwa Dutse wurin masu yin yogot.

Inna Iyatu ta yi kwana uku tana juya maganar. A rana ta huɗu ta kalli garke ta ce, "Tunda ƙarfe ba ya neman burtali, a gwada."

Ranar da aka kawo motar, ta zagaya ta sau ɗaya, ta ɗora tafin hannunta a kan murfin injin kamar yadda ake dafa tozon sa. Ta ce, "Su bakwai ne a cikin nan. A riƙa tunawa."

Aiki ya fara tafiya. Sai dai hanyar rugage ba hanya ba ce. Da rani yashi, da damina laka, ga ramukan da amalanke da tarakta suka haƙa. Kullum cikin motar sai ya gogi ƙasa.

Bubayero yana da wani aboki a Dutse, Ashafa, mai sayar da tayoyi. Wata rana Ashafa ya tare shi yana dariya.

"Arɗon hanya! Wannan motar taka kamar akuya mai tsohon ciki, kullum tana jan tumbi a ƙasa. Zo ka ga ƙafafun da suka dace da ita."

Ya nuna masa wasu tayoyi huɗu, manya, masu kaushin zane.

"Ba su yi mata girma ba?"

"Girma kuma? Ai mota taya ce. Ka sa waɗannan, ko kogi ka ga dama ka ratsa."

Aka sa. Motar ta miƙe ta yi tsayi, har matan ruga suka sa mata Raƙuma. Cikinta ya daina taɓa ƙasa. Bubayero ya fara tuƙi da gwiwar hannu a waje.

Ba a yi sati biyu ba sai ga wani ciwon. Motar da take tashi da lodi kamar ba komai, yanzu sai ta yi ta nishi kafin ta motsa. A cikin yashi sai ta mutu. Mai kuwa tana shansa kamar ba gobe, ga ƙaurin kuloci yana tashi duk inda aka ɗan hau tudu.

A nan ne ya je wurin Baba Sharhabilu, wani tsohon bakanike da ke da gareji a Takur, ƙarƙashin wata darbejiya. Ni da Sharhabilu tare muka yi karatu a zauren mahaifinsa. Daga baya ni na riƙe alƙalami, shi ya riƙe sufana, mahaifinsa ya yi fushi na shekara biyu sannan ya haƙura. Tun da na daina koyarwa, nakan taso daga Yalwawa in je in zauna a bencinsa. Yana da wata buta mai ɗigo da ya ƙi canzawa shekara da shekaru, kullum sai mun yi musu a kanta. Amma ba wannan ne labarin ba.

Bubayero ya gaishe mu, sannan ya ce, "Baba, injin nan ya gama. A sauke shi kawai."

"Wa ya ce maka ya gama?"

"Ba ya ja."

Baba Sharhabilu bai ko buɗe murfin injin ba. Tayoyin ya tsaya yana kallo. Can ya sa jak ya ɗaga bayan motar, ya ciro guntun alli daga aljihu. Ya ja layi ɗaya a jikin taya, ya ja wani a jikin farfela, wato dogon ƙarfen nan da ke kai juyin inji zuwa aksil. Ya ce Bubayero ya kama taya ɗaya, ni ma ya ce in kama ɗayar, mu juya su tare a hankali har layin allin ya zago inda ya fara. Shi kuma ya kwanta a ƙasa yana ƙirga juyin farfela.

"Ɗaya. Biyu. A hankali, Malam, ba riƙon allo ba ne. Uku. Huɗu. Da ɗan ɗoriya."

Ya fito yana kakkaɓe baya.

"Injinka lafiyarsa lau, ɗan Fulani. Saurara. A cikin aksil akwai haƙoran ƙarfe guda biyu, ƙarami yana juya babba. Su ne suka tsara cewa farfela za ta juya sau huɗu da ɗoriya kafin taya ta zaga sau ɗaya. An yi wannan tsari ne don ƙaramar taya. Yanzu ka kawo babba, kowane zagaye ɗaya ya fi da nisa, amma juyin da inji ke bayarwa bai ƙaru ba. Ka ƙara wa ɗan dako nisa, ba ka ƙara masa numfashi ba."

"To mene ne magani?"

"Biyu ne. Ko ka mayar da tayoyinka na da, ko a canza haƙoran a sa masu juyi kusan biyar."

"Na da kam ba zan koma musu ba. A canza."

"To. Na baya ana samunsa a nan. Na gaba sai na aika Kano, kuma sai an duba an samu daidai da shi. Ka ba ni sati biyu ko uku, in sa su rana ɗaya."

Bubayero ya yamutsa fuska. "Baba, ai bayan ne ke jan mota kullum. Gaban sai an shiga laka an sa ogzilari yake aiki. A sa na bayan yau, na gaban ya biyo baya."

Ogzilari, ga wanda bai sani ba, ita ce 'yar giyar da direba ke ja don tayoyin gaba su ma su kama ja tare da na baya.

Baba Sharhabilu ya girgiza kai. "Ban yin rabin wannan aiki. Kai da ka tashi cikin shanu, ka taɓa ganin an haɗa bijimi mai sauri da mai nawa a karkiya ɗaya? Muddin kowa yana tafiyarsa shi kaɗai, lafiya. Ranar da ka haɗa su, ɗaya zai ja, ɗaya zai turje. Ba su ne za su karye ba. Karkiyar ce."

Ban san abin da ya shiga Bubayero a ranar ba. Wataƙila gajiya ce, don tun asuba yake kan hanya, wataƙila kuma tsayin motar ne ya hau masa kai. Ya yi dariya ya ce, "Baba, kai da ba ka taɓa tatsar ko akuya ba, ni za ka koya wa shanu? Zamani ya wuce alli. Sauke mini motata."

Maganar ta yi mini nauyi. Sharhabilu ya juya ga motar. Ya sauke jak, ya goge layin allin da babban yatsansa, ya ce, "Allah ya tsare hanya. Amma in an sa maka na baya kaɗai, kada hannunka ya taɓa ogzilari."

Bubayero ya tafi wani gareji, ban san na wa ba, kuma ko na sani ba zan faɗa ba. A ranar aka sa masa na baya.

Kuma motar ta warke, wannan gaskiya ne. Ƙarfinta ya dawo, ƙaurin kuloci ya ɗauke. Ƙarshen rani ne, da manyan tayoyin nan bayan kaɗai yana isarsa ko a yashi, bai buƙaci ogzilari ba. Duk lokacin da ya biyo ta Takur sai ya danna hon sau biyu a gaban darbejiya. Sharhabilu yakan ɗaga masa hannu ya ci gaba da aikinsa. Zancen haƙoran gaba kuwa, yau ne gobe ne, har Bubayero ya mance da shi.

Sai ruwan farko mai ƙarfi ya sauka.

Da safiyar wannan rana ya yi lodin jarkokin madara na mata wajen talatin. Inna Iyatu tana gidan gaba, za ta Dutse a duba mata ido. Suka iso wata fadama da ke tsakanin rugage da babbar hanya, ta cika da laka. Tayoyin baya suka fara juyawa a wuri ɗaya. Bubayero bai yi tunani ba, hannunsa ya saba. Ya ja ogzilari.

Motar ta shiga, tana karkata, bayanta na wutsil-wutsil, amma ta ratsa. Laka tana da rufin asiri: tayar da ta fi sauri sai ta zame a cikinta, ba a gane komai. Bubayero ya bugi sitiyari ya ce, "Ina Baba Sharhabilu ya zo ya gani!"

Daga fadamar sai suka hau burji, ƙasa mai tauri wadda ba ta barin taya ta zame. Cikin murna bai cire ogzilarin ba. Sitiyari ya yi tauri. Tayoyi suka fara kuka. Motar ta yi tsalle biyu kamar jakin da ake ja da igiya yana turjewa. Sai ƙarau!

Komai ya tsaya. Da ya leƙa ƙasa, ya ga man giya yana zuba a kan jar ƙasa.

Inna Iyatu ta sauko a hankali, ta je gindin wata tsamiya ta zauna. Ta daɗe tana kallon gonakin da ruwa ya jiƙa. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ɗazu kukan wacce na ji a cikin su bakwai ɗin?"

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ya kira Ashafa. Ashafa ya ce, "Arɗo, ni taya na sayar maka, ban sayar maka da giya ba." Ya kira wanda ya sa masa haƙoran baya, waya a kashe. Rana ta fara ɗagawa. Mai yogot ya kira sau uku, Bubayero ya kasa ɗauka. Ya buɗe jarka ɗaya ya shinshina, madara ta fara juyawa. Tatsar mata talatin ta wannan safiya, ga ta nan tana tsami a bayan mota.

Ya daɗe yana kallon lambar ƙarshe kafin ya danna.

Wajen azahar Baba Sharhabilu ya iso da janwe. Bai nufi motar ba. Wurin Inna Iyatu ya fara zuwa, ya durƙusa suka gaisa, ya tambayi ruga, ya tambayi ido, ya tambayi damina. Sannan ya zo ya leƙa ƙarƙashin motar, ya taɓa man da yatsa.

"Sannu, ɗan Fulani. Wanne ya kayar da wanne?"

Bubayero ya sunkuyar da kai. "Babu wanda ya faɗi, Baba. Karkiyar ce ta karye."

"To. Kama igiyar can."

Washegari ina gareji aka buɗe 'yar giyar tsakiya, wadda ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Sharhabilu ya juye abin da ke ciki a faranti, ya zubo kamar tsakuwa. Sannan ya miƙa hannu ƙarƙashin bencin da nake zaune, ya jawo wani ƙunshin buhu. Ya kwance. Haƙoran aksil ne na gaba, an shafe su da mai.

"Tun satin da ka tafi na aika aka nemo," in ji shi. "Na san za ka dawo. Ban dai so ka dawo a bayan janwe ba."

Bubayero ya fara ba da haƙuri. Sharhabilu ya ce, "Bar shi. Gaskiya ka faɗa, ban taɓa tatsar akuya ba."

Sai dai haƙurin dattijo ba ya ɗinke ƙarfe. Giyar tsakiya dole a sayi wata, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Bubayero ba shi da kuɗin. Ya koma ruga ya zauna nesa da mahaifiyarsa, ya ce ya yanke shawara a sayar da motar yadda take, ko 'yan gwangwan ne su saya, shi ya gaji.

Inna Iyatu tana wanke ƙwarya. Ta ce wa ƙwaryar, "In aka sayar da ita a haka, su bakwai sun mutu ba a yanka ba. Mushe bakwai a gida ɗaya ya yi yawa."

Ranar kasuwar Shuwarin aka kora saniya ɗaya daga cikin biyun da suka rage. A nan ne ƙwaƙwalwata ta ci amanata. Na manta wacce ce, na kuma manta sunanta.

Aikin ya ɗauki kwana goma sha wani abu. Matan rugage suka koma dafa madararsu suna yin kindirmo, suna ɗauka a ka zuwa Aujara kamar da. Babu wadda ta yi wa Bubayero gori a gabansa. Sun dai daina kiran motar Raƙuma.

Ranar da aka gama, Sharhabilu ya ɗaga motar, ya miƙa wa Bubayero allin.

"Kai za ka kwanta yau. Bayana ya gaji."

Ni da shi muka kama tayoyi, Bubayero ya shiga ƙasa. Ya ƙirga na baya da ƙarfi: ɗaya, biyu, uku, huɗu, kusan biyar. Muka koma gaba. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sannan ya ce a hankali, "Kusan biyar, Baba. Daidai suke."

"To yanzu ka haɗa su a karkiya."

Da zai mayar da allin, Sharhabilu ya ce ya riƙe.

Har yau Bubayero yana kawo madara Dutse. Motar tana ratsa fadamar nan da lodi ba ta nishi. In ya biyo ta Takur ba ya danna hon. Yakan tsaya, ya sauko, ya gaishe mu, ya ajiye 'yar ƙwaryar kindirmo a kan benci. Ya rage magana sosai. Na ga guntun allin a gaban motarsa, kusa da carbi.

Darasi: Duk abin da ka ƙara wa girma a waje, ka tambayi kanka ko abin da ke juya shi a ciki zai iya. Kuma in wanda ya san aiki ya ce maka jira a yi shi duka, ka jira, domin rabin gyara yakan yi shiru har sai ranar da ka fi buƙatarsa, kuma sau da yawa ba kai ne za ka biya ba, wanda ya yarda da kai ne. Ku tura wa direbobi, ku tura wa duk wani mai gaggawa da kuke ƙauna.

Ban so in sake muku labarin da rami a ciki ba, don haka jiya bayan la'asar na je Takur. Tsofaffin haƙoran gaba suna nan rataye a ƙusa jikin darbejiya. Na ƙirga da yatsana: babban arba'in da ɗaya, ƙaramin goma. Sababbin kuwa, Sharhabilu ya ce talatin da tara ne da takwas. Wato a ranar nan, duk zagaye biyar da tayar baya ta yi, ta gaba tana neman cika na shida.

Muna cikin haka Bubayero ya tsaya, sai na tambaye shi saniyar. Ya kalli ƙasa ya ce sunanta Ɓale. Ba rabon ƙanwarsa ba ce. Ta Inna Iyatu ce, jikar wadda ta zo da ita daga gidan ubanta, kuma ita da kanta ta kwance mata igiya.